Saiwa da Ɗafi a Sifofin Turanci na Yau da Kullum: Abin da Ɗalibin Dutse Ya Riga Ya Sani

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake gina sifofin Turanci na yau da kullum daga saiwa da ɗafi, da yadda ake koyar da su a makarantun Dutse da ƙasarta. Da'awarta ita ce, ɗalibi Bahaushe, musamman wanda ya zauna gaban malamin allo ko na Islamiyya, yana shigowa aji da mafi yawan dabarun da ake buƙata wajen warware waɗannan kalmomi, amma hanyar hadda da muka saba da ita ba ta taɓa waɗannan dabaru ko kaɗan. An kwatanta ƙirar sifa a Turanci da ta Hausa, an jawo hujja daga sarfun Larabci da tajwidi, sannan an nuna wuraren da bin saiwa ke ɓatar da mai karatu.

1. Gabatarwa

Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, garin ya tashi daga mazaunin sarki da ƙaramar hukuma ya zama garin ma'aikata da ɗalibai. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha a cikin gari, ga makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kudu, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa da Kwalejin Ilimi ta Gumel ga wanda ya ɗan yi nisa. Mai neman shiga irin waɗannan makarantu dole ya haɗu da Turanci sau biyu: a jarrabawar WAEC ko NECO, sannan a ta JAMB, inda takardar Turanci ta wajaba a kan kowa, ko likita yake son zama ko malamin gona.

Yaron da ya tashi a Kiyawa, ko Jahun, ko Miga, ko Buji, ko Gwaram, da Hausa yake kwana yake tashi, wani kuma da Fulatanci a gida. Da Hausa ake ciniki a kasuwar Shuwarin, da ita ake wa'azi, da ita yake jin labarai a rediyo. Turanci sai a aji, sai a allon sanarwa na asibiti da jikin kwalin magani. A cikin jarrabawar kuwa akwai sashen da ake ba shi kalma a ce ya zaɓo wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ko kishiyarta, kuma sifofi na yawan fitowa a nan.

Yadda muke shirya shi sananne ne. Malami ya raba allo gida biyu, ya jera kalmomi a hagu, kishiyoyinsu a dama, yara su kwafa su haddace. Ban zo don in zargi malamin ba. Mutumin da ke da aji cike maƙil, littattafai ba su wadata ba, ga manhaja tana jiransa, abin da ya fi sauƙin dubawa shi zai yi. Matsalar ita ce lissafin ba ya fita. Nagy da Anderson (1984) sun ƙiyasta cewa Turancin da ke cikin littattafan makaranta a Amurka ya ƙunshi iyalan kalmomi kusan 88,500. Babu mai haddace wannan ɗaya bayan ɗaya, ko da Turancin aka yi masa goyo. Abin da ke ceton mai karatu shi ne sanin cewa kalmomin nan ginannu ne, kuma kayan ginin ba su da yawa.

2. Sifa a harsunan biyu

R. M. W. Dixon, a nazarinsa na 1977 kan sifofi a harsunan duniya, ya sa Hausa cikin harsunan da sifofinsu na asali 'yan kaɗan ne, kamar goma sha biyu: *babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho, fari, baƙi, ja, mugu, ɗanye* da makamantansu. Ana iya jayayya da adadin, kuma wanda ya duba Galadanci (1976) ko Newman (2000) ko Jaggar (2001) zai ga jerin ya fi haka tsawo. Amma asalin maganar gaskiya ce. Turanci na da dubban sifofi, Hausa kuwa tana da 'yan kaɗan na asali, sauran sai ta ƙera su.

Wasu na ɗaukar wannan a matsayin rauni, su ce shi ya sa sifofin Turanci ke ba yaranmu wuya. Ni akasin haka nake gani. Harshen da ke ƙera sifofinsa kullum yana horar da mai magana da shi a kan ƙira. Bahaushe na ɗaukar suna ya sa masa *mai* ko *maras*: mai hankali, maras kunya. Yana ɗaukar aikatau ya fitar da *dafaffe, busasshe, rubutacce, amintacce*. Yana sa ɗafa-goshin *ma-* ya sami *marowaci, matalauci, maƙaryaci*. Yana sa *ba-* ya sami *Bakano* da *Bahaɗeje*. Daga sunayen da Parsons (1955) ya ware a matsayin masu nuna abin da gaɓoɓi ke ji, yana ninka gaɓar farko ya ce *zazzafa, sassanya, zuzzurfa, faffaɗa, ƙaƙƙarfa, daddaɗa*. Yaro ɗan shekara bakwai a Dutse yana yin duk wannan ba tare da ya taɓa jin kalmar nahawu ba.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata malami ya nuna tun da wuri, wato alkiblar tsira. Hausa na tashi daga suna ta je ga sifa: zurfi ya haifi zuzzurfa, faɗi ya haifi faffaɗa. Turanci a irin waɗannan kalmomi daga sifa yake tashi: *deep* ya haifi *depth*, *wide* ya haifi *width*, *strong* ya haifi *strength*. Ɗalibin da ya rubuta *the well has deep* tsarin "rijiyar tana da zurfi" ya ɗauko, kuma gyaransa a bayani yake, jan biro kaɗai ba ya isarsa.

3. Harshe mai hawa uku

Ba a fahimtar ɗafe-ɗafen Turanci sai an san tarihinsa, ko da a taƙaice. Ƙabilun Angul da Sakson sun shigo tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5 da harshe ɗan dangin Jamusanci. Daga gare su aka gaji gajerun sifofin nan na gida: *good, old, long, cold, hard, sweet*. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ƙarni kusan uku, sai irin su *noble, gentle, honest* suka shigo. A ƙarni na 16 da na 17 masana suka riƙa ɗibar kalmomi kai tsaye daga Latin da Girkanci don aikin ilimi. Coxhead (2000), da ta tattara iyalan kalmomi 570 da suka fi yawo a rubuce-rubucen jami'a, ta sami fiye da kashi 82 cikin ɗari daga Latin ko Girkanci suka fito.

Sakamakon wannan tarihi shi ne, sau da yawa sunan abu daga hawa na farko yake, sifarsa kuma daga hawa na uku, ba su ko yi kama ba. Rana *sun* ce amma abin da ya shafe ta *solar*. Wata *moon*, sifarsa *lunar*. Baki *mouth* da *oral*. Haƙori *tooth* da *dental*. Hannu *hand* da *manual*. Shekara *year* da *annual*. Yaron da ya san *year* sarai babu abin da zai nuna masa hanyar *annual*, sai an gaya masa cewa *annus* shekara ce a Latin. Da zarar an gaya masa kuwa, darasin aikin gona ya buɗe: gero da riɗi *annual* ne domin shekara guda suke yi, dabinon da aka san Dutse da shi *perennial* ne domin *per-* na nufin ratsawa, wato yana ratsa shekaru, *biennial* kuma mai shekara biyu.

Wannan tsari na hawa-hawa ba baƙo ba ne gare mu. Abin da Latin ya zame wa Turanci shi Larabci ya zame wa Hausa, kamar yadda nazarin Greenberg (1947) kan kalmomin aro ya fara fayyacewa. Muna cewa rana da wata, amma in malamai na lissafin shekara sai ka ji shamsiyya da ƙamariyya. Kuma duk wanda ya ɗan taɓa sarfu ya san baƙaƙe uku kan haifi iyali guda: *hukunci, hukuma, hakimi, hikima* duk gida ɗaya suka fito, haka *ilimi* da *malami*, haka *salama, sallama, Musulmi*. Ɗalibin da ya san wannan ba ya buƙatar doguwar lacca kafin ya yarda cewa *visible, visual, evident* 'yan saiwa ɗaya ne mai nufin gani, ko *credible* da *incredible* daga saiwar gaskatawa suke, ko *audible* daga ji, *portable* daga ɗauka, *durable* daga daɗewa. Har a bakinsa akwai sifofin Latin da suka zama 'yan gida: firamare da sakandare daga "na farko" da "na biyu", manjo daga "mafi girma", siniya da juniya, da sola da ake kafawa a kan rufi da bakin rijiyar burtsatse.

4. Ɗafa-goshin korewa

A nan ne ribar ta fi yawa, don haka zan daɗe. White da Sowell da Yanagihara (1989) sun ƙirga kalmomi masu ɗafa-goshi a littattafan 'yan makaranta, suka tarar guda huɗu kacal, wato *un-, re-, in-* da *dis-*, sun ɗauke kashi 58 cikin ɗari, *un-* shi kaɗai yana da kashi 26. Uku daga cikin huɗun nan aikinsu korewa ne ko juya ma'ana. Malamin da ya ba su mako biyu cur bai yi asarar lokaci ba.

*Un-* ɗan gida ne, daga hawa na farko, kuma shi ne mai rai har yau, wanda ake iya liƙa wa sabuwar kalma: *unkind, unwise, unsafe, unpaid*. *In-* daga Latin ya zo, kuma yawanci a manne da kalmarsa aka aro shi: *incorrect, invisible, inactive*. Shi ya sa ake samun abin da ke ɗaure wa yara kai, sifa da *un-* amma sunanta da *in-*: *unable* da *inability*, *unjust* da *injustice*, *unequal* da *inequality*. Ɗalibin da ya rubuta *unpossible* ko *unlegal* ya gano ƙa'ida ne ya faɗaɗa ta, kuma wannan alama ce ta mai tunani. Abin da ya rage a nuna masa shi ne wace kalma ce 'yar gida, wace ce baƙuwa.

Sai kuma sauye-sauyen *in-*. Littattafanmu kan jera *in-, im-, il-, ir-* kamar abubuwa huɗu da za a haddace. Abu ɗaya ne, naso ne ya sauya masa kama. Sautin *n* in ya haɗu da *b* ko *p* sai ya koma *m*: *imbalanced, impossible, impatient, impure*. In ya haɗu da *m* ko *l* ko *r* sai ya narke cikinsu, a rubuta baƙin sau biyu: *immature, illegal, illiterate, irregular, irresponsible*.

Ina roƙon malamai su tuna darasin nun mai ɗauri a tajwidi. Nun in ta gamu da ba, juya ta ake yi zuwa mim, shi ne iƙlabi. In ta gamu da lam ko ra, shigar da ita ake yi cikinsu ba tare da gunna ba, a ƙarfafa baƙin da ke gaba, shi ne idgami; mim ma tana cikin baƙaƙen idgami. Wato *im-* na *imbalanced* iƙlabi ne, *il-* na *illegal* da *ir-* na *irregular* da *im-* na *immature* idgami ne, baƙin da aka ninka kuma shi ne shaddarsa. Larabci ba shi da *p*, amma da leɓɓa ake furta shi kamar *b*, don haka hukuncinsu ɗaya. Babu aro tsakanin Latin da Larabci a nan. Bakin ɗan Adam ne iri ɗaya, kuma yana neman sauƙi a ko'ina. Yarinyar da ke zuwa Islamiyya da yamma a Dutse ko Birnin Kudu ta san wannan ƙa'ida da sunanta, an yi mata gyara a kanta, ta ƙware. Da safe kuma mu tsayar da ita mu ce ta haddace jeri huɗu kamar ba ta taɓa jin labarin ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ilimin na hannunta, mu ne ba mu tambaye ta ba.

Wanda bai yi tajwidi ba ma ba a bar shi a baya ba, don Hausa na da nata nason. Muna rubuta "gidan Bala" amma *gidam Bala* muke furtawa. Muna rubuta "rigar Ladi" amma da yawanmu *rigal Ladi* muke cewa. Sunayenmu ma shaida ne: Abdurrahman da Abdussalam, inda lam ta narke cikin baƙin da ke gabanta. Bambancin kawai, ƙa'idar rubutun Hausa ta ɓoye nason, marubutan Latin kuwa sun rubuta shi, Turanci ya gaje shi a rubuce. *Un-* bai bi ta Latin ba, shi ya sa ba ya sauya rubutu: *unbroken, unlucky, unripe*.

Wannan fahimta na gyara rubutu nan take. Me ya sa *n* biyu a *unnecessary*? Ɗaya ta ɗafi ce, ɗaya ta saiwa. Me ya sa *s* biyu a *dissatisfied* amma ɗaya a *disappointed*? Domin saiwar ta farko da *s* ta fara, ta biyu da wasali. Kuskuren da malami ke ja wa layi shekara da shekaru, tambaya ɗaya ce ke kashe shi: ina ɗafi ya ƙare, ina saiwa ta fara?

Ba duk korewa ce iri ɗaya ba. *Non-* warewa kawai yake yi, ba ya zargi, *un-* da *in-* kuwa sukan ɗauki hukunci. Ma'aikacin jami'a da ake kira *non-academic* an faɗi sashensa ne kurum, amma wanda aka ce aikinsa *unprofessional* an soke shi. Ƙamusun Oxford, cikin kalmomin Turancin Nijeriya 29 da ya shigar a Janairun 2020, ya sa *non-indigene*, kalmar da kowane mai neman gurbin karatu ko aiki a ƙasar nan ya san nauyinta. *Dis-* kan nuna kishiya mai ƙarfi, kamar *dishonest* da *disloyal*. *A-* na Girkanci rashi yake nunawa, kamar *asymptomatic* da aka yi ta ji a 2020 lokacin annobar korona.

Akwai wasu tagwayen ɗafa-goshi da kuskurensu ya wuce faɗuwa jarrabawa, kuma ɗaliban jinya su ne suka fi haɗuwa da su. *Ante-* kafin ne, *anti-* yaƙi da abu: *antenatal* awon ciki ne kafin haihuwa, *antimalarial* maganin zazzaɓin cizon sauro. *Hyper-* wuce kima, *hypo-* gazawa, kuma mai ciwon suga da sugansa ya hau da wanda nasa ya faɗi ba taimako ɗaya ake ba su ba. *Intra-* cikin abu, *inter-* tsakanin abubuwa: allurar *intravenous* ta jijiya ce, *intramuscular* ta tsoka. Harafi ɗaya ko biyu ne tsakaninsu, kuma a saurin magana kunne ba ya rabewa.

5. Ɗafa-ƙeya da takwarorinsa na Hausa

Abin da Hausa ke sawa a gaba, Turanci a baya yakan sa shi. *-ful* shi ne *mai*, *-less* shi ne *maras*: *useful* mai amfani, *useless* maras amfani, *careful* mai kula, *careless* maras kula. Dacewar ta kai har asali. *Maras* daga aikatau *rasa* ya fito, *-less* kuma ɗan'uwan *lose* ne, wanda shi ma rasawa yake nufi.

*-able* da *-ible* ba su da takwara a sifofin Hausa, amma suna da shi a aikatau, a rukuni na 7 na tsarin Parsons (1960), mai ƙarewa da *-u*. Makaniki ya duba mota ya ce "tana gyaruwa", wato *repairable*. Malami ya ce rubutun yaro "ba ya karantuwa", wato *illegible*. Ruwan da "ba ya shawuwa" *undrinkable* ne. *Possible* kansa daga saiwar iyawa ya fito, mu kuma daga *yi* muka fitar da *yiwu*. Ban ga hanyar da ta fi wannan gajarta ba: a ce wa ɗalibi duk inda ya ga *-able* ya gwada aikatau mai *-uwa*.

Babbar matsalar ita ce *-ed* da *-ing*. Ɗalibi ya ce *I am boring* alhali gundura ta kama shi, ko *I am interesting in medicine*. Hausa ta raba waɗannan biyu raba mai kyau. Abin da ke jawo hali "mai ban" ne ko "mai sa": mai ban tsoro, mai ban mamaki, mai ban haushi, mai gajiyarwa. Wanda halin ya sama kuwa "a tsorace" yake, ko "a gajiye", ko gajiyayye ne. Babu Bahaushen da zai ce "ni mai ban tsoro ne" yana nufin ya tsorata. To *frightening* mai ban tsoro ne, *frightened* a tsorace. *Tiring* mai gajiyarwa, *tired* a gajiye. In aka ɗora jimlolin biyu gefe da gefe a allo, yara da kansu suke gano inda suka kauce.

*-ish* na *reddish* da *tallish* shi ne ninkin rage ƙarfi, fari-fari, baƙi-baƙi, dogo-dogo. Sai dai in ya hau sunan mutum yakan ɗauki raini: *childish* halin yarinta ne da ake zargi, *childlike* kuwa yabo ne.

6. Inda saiwa ke yaudara

Da na tsaya a nan da na yi wa hanyar nan talla fiye da haƙƙinta. Tana da ramuka, kuma masu shirya jarrabawa sun san su.

Na farko, ba duk abin da ya yi kama da ɗafi ne ɗafi ba. *Uniform, unique, universal* ba *un-* ke gabansu ba, *uni-* ne mai nufin ɗaya. Na biyu, Latin na da *in-* guda biyu, ɗaya na korewa, ɗaya mai nufin "cikin". *Important* da *internal* ba kishiyoyin komai ba ne. Mafi haɗari a wannan sahu shi ne *inflammable* da ake gani a jikin tankokin mai da ke ratsa hanyoyinmu. Mai bin ƙa'ida zai ce "ba ya kama wuta", alhali daga aikatau mai nufin cinna wuta ya fito, ma'anarsa ɗaya da *flammable*. Wanda ba ya kamawa shi ne *non-flammable*. Wannan kalma ta cancanci a koyar da ita ita kaɗai, tun a firamare.

Na uku, akwai inda korewar gaskiya ce amma ma'ana ta bi wata hanya. *Invaluable* da *priceless* abu ne da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi, *valueless* da *worthless* kuwa maras daraja. *Infamous* sananne ne, amma da mugun abu. *Indifferent* ba ya nufin "iri ɗaya", yana nufin wanda bai damu ba. Ga kuma 'yan saiwa ɗaya da suka raba gari: *sensible* mai hankali, *sensitive* mai saurin jin abu, *economic* abin da ya shafi tattalin arziki, *economical* mai tsimi. *Illegal* da *illegible* kuwa kama ce kawai, ɗaya daga saiwar doka, ɗaya daga ta karatu.

Na huɗu, ma'ana na tafiya da zamani. *Nice* daga kalmar Latin mai nufin jahili ya fito, ya yi ƙarnoni yana nufin wawa kafin ya zama yabo. *Silly* a tsohon Turanci mai albarka yake nufi. *Terrible* da *terrific* duk daga saiwar tsoro suke, ɗaya ya tsaya a muni, ɗaya ya koma yabo. Wannan ma muna da irinsa, don samarinmu na cewa abu ya yi "mugun kyau" ko "bala'in daɗi", ba wanda ke jin mugunta ko bala'i a ciki. Turancin Nijeriya shi ma yana nasa sauyin: *qualitative* a bakin 'yan siyasarmu "mai inganci" yake nufi, kuma da wannan ma'ana ya shiga jerin Oxford na 2020, amma ɗalibin jami'a zai tarar da wata ma'anar dabam a darasin dabarun bincike.

Don haka saiwa da ɗafi zato suke bayarwa, jimla ce ke tabbatarwa. Ɗalibi ya rarraba kalma, ya yi hasashe, sannan ya mai da hasashen cikin jimla ya ga ko ya zauna. In bai zauna ba, sai ƙamus.

7. A cikin aji

Abin da ke hana wannan aiki ba tsada ba ne, don alli da allo sun isa. Abin da ke hana shi wata tsohuwar aƙida ce cewa Hausa ba ta da wuri a darasin Turanci, har wasu makarantu na hukunta yaro in ya yi ta. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince da harshen uwa a shekarun farko na firamare, a 2022 kuma gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa shi zuwa shekara shida. Muhawarar harshen koyarwa ba ta ƙare ba, amma abin da nake kira gare shi bai dogara da ita ba. Ko da Turanci ake koyar da komai, minti biyar na kwatanci da Hausa a darasin kalmomi Turancin yake ƙarfafawa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Jerin da na ga ya dace shi ne a fara da abin da ke da takwara kai tsaye. A manyan azuzuwan firamare, *-ful* da *-less* tare da mai da maras, da *un-* a kan gajerun sifofi. A ƙaramar sakandare, *in-* da nasonsa, *dis-* da *non-*, *-able*, da rabewar *-ed* da *-ing*. A babbar sakandare, saiwoyin Latin da Girkanci, ana ɗebo su daga littattafan kimiyya da aikin gona da labarin ƙasa da yaran ke karantawa a wannan zangon. In littafi ya kira yankinmu *semi-arid*, a tsaya a raba: *semi-* rabi, *arid* busasshe. In ya ce taki *organic* ko *inorganic*, gishiri *soluble* ko *insoluble*, ƙasa *fertile* ko *infertile*, ga darasin ƙira ya zo da kansa. Bauer da Nation (1993) sun jera ɗafe-ɗafen Turanci hawa-hawa bisa yawan aukuwa da sauƙin ganewa, kuma jerin nasu zai yi amfani wajen tsara wannan, muddin an gyara shi ta la'akari da abin da Hausa ta riga ta sauƙaƙa. Kalmomin da ke yaudara kuma a ware musu shafi na musamman a bayan littafin rubutu, a riƙa ƙarawa duk lokacin da aka ci karo da sabuwa. A nan hadda ke da amfani, kuma yaranmu gwanayenta ne.

Muna da ƙamusoshi masu kyau, tun daga na Bargery na 1934, da na Skinner na Turanci da Hausa na 1965, da na Roxana Ma Newman na 1990, zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Amma aikin ƙamus ba da ma'anar kalma ne ɗaya-ɗaya. Abin da malamin Jahun ko Gwaram ke buƙata ɗan littafi ne na aljihu mai shafi talatin ko arba'in, kowane ɗafi da takwaransa na Hausa, da misalai daga gona da asibiti da kasuwa, da gargaɗi a inda ƙa'ida ke karyewa. Malamin Turanci shi kaɗai ba zai rubuta shi da kyau ba. Yana buƙatar malamin Hausa da na Larabci, waɗanda galibi ɗaki ɗaya suke zama da shi a makaranta.

Da'awar maƙalar nan kuma abin gwadawa ce. Ana iya zaɓar makarantu a ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse, a koyar da wasu azuzuwa ta hanyar kwatanci, wasu ta hanyar da aka saba, tsawon zango guda, sannan a jarraba su da sifofin da ba a koya wa kowa ba. A rubuta tun farko wane yaro ne ya yi tajwidi, wane ne ya taɓa sarfu, wane ne Fulatanci harshensa na gida, domin a ga ko ribar ta bambanta a tsakaninsu. Ɗaliban digiri na biyu a sassan harsuna da na ilimi a Dutse da Kafin Hausa za su iya ɗaukar wannan aiki, tare da malaman da ke riƙe da azuzuwan.